Kada ka zubar da kulo: jagorar cin moriyar gudajin furotin na bakteriya a labo irin namu na Damagaram

Wata ɗaliba ta same ni da yamma bayan la'asar, riƙe da jel ɗinta, abin da ake ware furotin a ciki bisa nauyinsu, a cikin ɗan faranti, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, furotin ɗina ya ɓace. Mako uku ke nan ina shuka bakteriya, ina fasa su, ina juyawa, ba na ganin komai a tsararo." Na ce, "Ɗiyata, ina kulon?" Ta ce, "Na zuba masa jabel, Malam, kamar yadda aka saba." Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin da bakina na koya wa ɗalibai cewa furotin mai kyau a ruwan da ya taso yake zama, abin da ya kwanta a gindin kwalba kuwa shara ne. Furotin ɗin yarinyar nan bai je ko'ina ba. Yana nan cikin farin abin da take kashewa kowace Alhamis.

Saboda ita da ire-irenta na rubuta wannan jagora. Kulo shi ne sunan da muke ba abin da ya kwanta bayan an juya kwalba a santirifuj, injin da ke juya kwalabe da gudu, kamar yadda kamu ke kwanciya a gindin roba. Tsararo kuwa ruwan da ya rage a kansa.

Me ke cikin kulon?

Furotin zare ne mai tsawo da aka jera da ƙananan sinadarai iri 20. Ba ya aiki sai ya naɗu, kuma naɗi ɗaya ne nasa. Ka dubi rawanin dogarin Sarkin Damagaram: yadi ne dai, amma sai hannun da ya iya ya bi da shi ya zama rawani. Ƙwayar bakteriya tana da nata masu taya naɗi, irin su DnaK da GroEL. Idan muka sa mata ƙwayar halittar wani furotin baƙo, muka tilasta mata ta yi shi da yawa cikin sa'o'i kaɗan, aiki yakan fi ƙarfin masu taya naɗin. Zaruruwan da ba su gama naɗuwa ba suna da ɓangarori masu gudun ruwa, sai su manne wa juna, su cure, su yi gudaji kamar tuwon da aka zuba wa gari da gaggawa. A littattafan Faransanci da ɗalibanmu ke karantawa sunansu corps d'inclusion. Ni gudajin furotin nake ce musu.

Girmansu bai cika wuce mikoromita ɗaya ba, galibi suna taruwa a ƙarshen ƙwayar, kuma sun fi sauran tarkacen ciki nauyi. Nauyin nan shi ne alherinsu na farko: juyi kaɗan ya isa ya ware su. Na biyu, furotin iri ɗaya ke neman ɗan'uwansa wajen curewa, don haka gudajin da aka wanke da kyau mafi yawansa furotin ɗinka ne. Na uku, anzim (furotin ne masu gaggauta aikin sinadarai) irin masu cin furotin ba sa samun shiga cikinsa da sauƙi.

Masana'antu sun daɗe da sanin haka. A 1978 kamfanin Genentech na Amurka ya sa bakteriyar E. coli ta yi sarƙoƙin insulin na ɗan Adam, a 1982 kuma aka amince da Humulin na Eli Lilly. Har yau wani babban kaso na insulin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura daga gudajin E. coli ake narko shi, sauran daga yis. Filgrastim, maganin da ke ƙara fararen ƙwayoyin jini ga masu jinyar kansa, ta nan ya bi. Haka kimosin, anzim mai daskarar da madara, wanda masu yin cuku a wajenmu ke samu daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya: a 1990 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wanda aka yi a E. coli, kuma a gudaji yake fitowa. Duk waɗannan narkar da gudajin ake yi a sake naɗa furotin.

Abin da ya sauya tunani ya zo a 2005. Ƙungiyar Antonio Villaverde a Jami'ar Autònoma ta Basalona, da Elena García-Fruitós a gaba, ta nuna cewa anzim da furotin masu ƙyalli suna ci gaba da aiki ko suna cikin gudaji. Ashe curin ba dafaffen ƙwai ba ne. Ya fi kama da soso: akwai ƙashin baya mai tauri, a cikin ramukansa kuma akwai furotin da ya naɗu daidai ko ya kusa. Ga mu da ke aiki inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, inda kuran ke ɗaukewa ana tsakar aiki, inda kowane sinadari sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso, wannan labari ne mai nauyi. Furotin da ke narke cikin ruwa lallaɓa shi ake yi. Wanda ya cure yana da juriya.

Mataki na farko: izini da wurin zubar da shara

Kafin ka taɓa komai. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Kartahena kan halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma tana da dokarta ta 2019 a kan haka. Aikin nan na labon jami'a ne ko cibiyar bincike, da sanin shugaban wuri. Irin E. coli da ake amfani da ita, BL21, ba ta sa cuta, amma ka sa mata falasmid, ɗan zoben ƙwayoyin halitta mai ɗauke da umarnin yin furotin ɗinka da kuma juriyar maganin kashe ƙwayoyi. Ba ma son wannan juriya ta fita kwata, inda awaki ke sha yara ke wasa. Duk abin da ya taɓa bakteriya a dafa shi a otokilab, injin kashe ƙwayoyi da tururi, digiri 121 na minti 20. Inda babu, tukunyar matsin tururi mai kyau tana kaiwa kusa da haka, amma a sa tef mai sauya launi a tabbatar. Ruwan shuka a zuba masa jabel kashi ɗaya cikin goma, a bar shi minti 30. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu: ba a zuba jabel a sharar da ke da yuriya ko guwanidin, sinadaran narkar da gudaji, domin iskar da ke tashi tana cutar da huhu. Bido biyu za ka ajiye, kowane da rubutunsa.

Mataki na biyu: ka san abin da kake so tun kafin shuka

Yadda ka shuka bakteriya shi ke yanke irin gudajin da za ka samu. Zafi da matsa lamba, wato digiri 37 da yawan IPTG, sinadarin da ke kunna yin furotin, suna ba da gudaji masu yawa, masu tauri, masu ƙarancin aiki. Sun dace da wanda zai narkar gaba ɗaya. Sanyi, digiri 16 zuwa 25, yana rage yawan curewa, amma gudajin da aka samu sun fi laushi, kuma furotin ɗin cikinsu ya fi aiki. Da furotin mai koren ƙyalli, GFP, ana ganin wannan da ido: gudajin sanyi ya fi na zafi haske.

A nan ne Damagaram ta bambanta da littafi. A Turai matsalarsu ɗumama kwalba, mu tamu sanyaya ta. Injin girgiza da ba ya sanyayawa ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗaki ba, kuma motarsa ma tana ƙara nata. Idan labonku ba shi da mai sanyayawa, ka tsara aikin gudaji masu laushi a lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ka bar shukar ta kwana. Aikin gudaji masu tauri kuma ka kai shi bazara. Ka rataya ma'aunin zafi a cikin injin, ka rubuta abin da ya nuna da dare da asuba, kada ka dogara da lambar da ke jikin allo.

Idan furotin ɗinka ba ya son curewa alhali kai gudaji kake so, ana liƙa masa ɗan wutsiya mai jawo curewa tun a matakin ADN, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta. Ƙungiyar Zhanglin Lin a Jami'ar Tsinghua ta Sin ta yi aiki da gajerun wutsiyoyi irin ELK16 da L6KD, ƙungiyar Ulrich Krauss a Jülich ta Jamus kuma da wanda ake kira TDoT. Ga gajerun furotin masu kashe bakteriya, waɗanda za su kashe mai yin su idan aka bar su a narke, ana haɗa su da wani furotin mai curewa, KSI, domin su cure su zama ba su da illa har a ciro su.

Mataki na uku: shuka

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne BL21(DE3) da falasmid na dangin pET, wanda ya fito daga aikin William Studier a Brookhaven a 1986. Abincin bakteriya shi ne LB: giram 10 na tiripton, giram 5 na tataccen yis, giram 10 na gishiri, a lita ɗaya ta tataccen ruwa. In kana da zaɓi, ɗauki falasmid mai juriyar kanamisin, mikorogiram 50 a kowace mililita. Ampisilin saurin lalacewa gare shi, bakteriyar da kanta ke fitar da anzim da ke cinye shi, daga nan waɗanda suka yar da falasmid su mamaye kwalba.

Ɗauki ɗigon bakteriya ɗaya daga faranti, ka shuka a mililita 5 ta kwana. Da safe ka zuba kashi ɗaya cikin ɗari a sabon LB. Kada ruwan ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na cikin kwalba, iska suke so. Girgiza a digiri 37 har duhun ruwan ya kai 0.6 zuwa 0.8 a ma'aunin haske na nanomita 600. Ɗebi mililita ɗaya ka ajiye, wannan shi ne shaidarka ta kafin kunnawa, kuma ɗalibai da yawa suna mantawa da ita. Sai ka zuba IPTG, tsakanin milimola 0.1 da 1. A digiri 37 sa'a 3 zuwa 4 sun isa; a sanyi sai ta kwana.

IPTG tsada gare shi kuma daga waje yake zuwa. Studier ɗin nan ya wallafa wata dabara a 2005: a haɗa gulukos kashi 0.05 cikin ɗari, laktos kashi 0.2, da gilisarol kashi 0.5 a cikin abincin. Bakteriya za ta fara cinye gulukos, in ya ƙare ta koma kan laktos, laktos ɗin ya kunna furotin da kansa. Ba sai ka tsaya kana auna duhu kowane rabin sa'a ba. Ina ganin wannan ya fi dacewa da mu. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: girgiza ta tsaya. In kuran ya ɗauke na sa'o'i kuma gurup bai tashi ba, iska ta yanke musu, ruwan ya yi tsami, ka sake sabuwa kawai. Labon da ke da batir na hasken rana, injin girgiza ya fi kowace na'ura cancantar a jona shi.

Mataki na huɗu: ina furotin ya tafi?

Wannan shi ne matakin da ɗalibata ta tsallake, kuma ni ban nuna mata ba. Ɗauki mililita ɗaya ta shuka, ka juya, ka fasa ƙwayoyin, ka sake juyawa. Yanzu kana da tsararo da kulo. Narkar da kulon cikin ruwan lodin jel daidai yawan tsararon, domin kwatanci ya yi adalci. Jera layi huɗu a jel na SDS, sabulun da ke warware furotin: kafin kunnawa, bayan kunnawa, tsararo, kulo. Rina da shuɗin Kumasi. In ka ga zane mai kauri a layin kulo daidai nauyin furotin ɗinka, to ga dukiyarka nan.

Ido ma yana ba da labari. Kulon bakteriya zalla ruwan ƙasa-ƙasa ne mai santsi. Kulon gudaji fari ne kamar alli, yana da ɗan garas-garas. Da madubi mai bambanta haske za ka ga ɗigo mai sheƙi a ƙarshen kowace ƙwaya. Madubin da ake duba jinin zazzaɓi da shi a asibiti bai cika nuna wannan sosai ba.

Mataki na biyar: fasawa da wanki

Tara ƙwayoyin da juyin 5,000 g na minti 15 (g ma'aunin ƙarfin juyi ne, ba giram ba). Dama su cikin ruwan tampo, wato ruwan da ke riƙe pH, ma'aunin tsami, wuri ɗaya: Tris milimola 50 a pH 8, da gishiri milimola 100, kamar mililita 5 zuwa 10 ga kowane giram na kulo. Zuba lizozim, anzim ɗin da ake samu daga farin ƙwai, miligiram 0.2 zuwa 1 a kowace mililita, ka bar shi rabin sa'a. In akwai na'urar fasawa da sauti, ka yi a kan ƙanƙara, daƙiƙa 10 aiki, daƙiƙa 20 hutu, don kada ya yi zafi. In babu, daskararwa da narkarwa sau uku zuwa biyar bayan lizozim suna yin aikin. Irin BL21 mai ɗauke da falasmid pLysS ma da lizozim ɗinta a ciki, da an daskarar an narkar sai ta fashe.

Da ƙwayoyin sun fashe ruwan zai yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. ADN ne ya fito. Zuba DNase kaɗan, anzim mai yanka ADN, tare da maganiziyom milimola 5 zuwa 10 har yauƙin ya tsinke. In ka sa EDTA a tampo, shi zai kama maganiziyom ɗin ya hana DNase aiki, don haka ka jinkirta shi sai wajen wanki. Kada ka yi gaggawar wuce nan: kulon da ke da yauƙi ba ya wankuwa.

Juya a 10,000 zuwa 15,000 g na minti 15 zuwa 20, a sanyi in da hali. Santirifuj mara sanyayawa yana ɗumama kwalba, a bazara sosai ma. Sa kan injin a firigo tukuna, ka gajarta juyin. Za ka ga kulo hawa biyu, fari mai tauri a ƙasa, mai duhu da laushi a sama. Na saman nan fatun ƙwayoyi ne. Dama duka cikin tampo mai sabulun Triton X-100 kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari, ka dama sosai har babu dunƙule, ka juya, ka zubar da ruwan. Sau biyu ko uku. Sannan wanki biyu da tampo zalla don sabulun ya fita. Kowane ruwan wanki ka ɗebi kaɗan ka ajiye don jel, saboda gudaji masu laushi suna iya zubar da furotin a wanki, kuma gara ka sani.

In gudajin za su taɓa ƙwayoyin dabba, sai ka tabbata babu bakteriya mai rai. Shafa kaɗan a farantin LB mara magani, ka bar shi ya kwana a digiri 37. In wani abu ya tsiro, koma kan lizozim da daskararwa.

Mataki na shida: gwada shi yadda yake, kafin yuriya

A nan nake roƙonka ka tsaya. Hannu yakan yi saurin kai wa yuriya domin haka tsofaffin littattafai suka ce. Gwajin aiki na sa'a ɗaya ne, narkarwa da sake naɗi kuwa na iya cin wata guda. Dama ɗan gudaji a tampo, ka zuba masa abin da anzim ɗinka ke ci. Mai koyo ya fara da beta-galaktosidas: ana zuba masa ONPG mara launi, in yana aiki ruwan ya koma ɗorawa, a auna a nanomita 420. Juya kwalbar kafin awo domin duhun gudajin kada ya ruɗe na'ura. Kwalba biyu na shaida wajibi ne: ɗaya da gudajin da aka tafasa, ɗaya da kulon bakteriyar da ba ta ɗauke da furotin ɗinka. Sai gwaji na uku mai muhimmanci: jiƙa gudajin a tampo na sa'a guda, ka juya, ka gwada ruwan kaɗai. In ruwan yana aiki, furotin fita yake yi daga curin. In kulo kaɗai ke aiki, a ɗaure yake. Amsar nan ita za ta zaɓa maka hanya.

In a ɗaure yake: anzim mai maimaituwa

Masana'antu suna kashe kuɗi su ɗaure anzim a jikin ƙwalaye domin a iya tsamo shi a sake amfani da shi. Gudaji mai aiki ya zo a ɗaure tun daga cikin bakteriya. Ka zuba shi a aiki, ka juya, ka kwashe ruwan, ka zuba sabo. Rubuta aikin kowane zagaye ka ga a na nawa ya fara raguwa. In santirifuj ya yi maka wuya, dama gudajin cikin aljinat kashi 2 cikin ɗari, ka riƙa ɗigawa da sirinji a ruwan kalsiyom kulorid mola 0.1 zuwa 0.2. Kowane ɗigo zai zama ƙwallo kamar ƙwan kifi, wanda ko da rariya za ka tsame.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa: giram ɗaya na gudaji galibi bai kai giram ɗaya na tataccen anzim ƙarfi ba, domin wani ɓangare bai naɗu ba, kuma abin da za a ci sai ya kutsa ciki. Ribarsa tana wajen arha, juriya da maimaici. Ga garin da ke da majema da masu sarrafa madara, anzim masu cin furotin ko kitse ko sukarin madara abin bincike ne da ya cancanci ɗalibi ya ba shi shekararsa. Amma daga kwalbar labo zuwa abin da mutum zai ci akwai tazarar gwaji da izini, kada a haɗa su.

In yana fita a hankali

Wannan shi ne abin da ƴan Basalona suka bi da nisa. Sun nuna ƙwayoyin dabba da ake renon su a labo suna haɗiye gudajin su amfana da furotin da ke fita daga ciki, sun kuma shimfiɗa gudaji a faranti ƙwayoyi suka fi kamawa a kai. A jami'ar nan dai an gwada ba kifi gudajin furotin masu ta da garkuwar jiki ta baki, tun da curin yana jure tsamin ciki. Duk wannan bincike ne, bai zama maganin asibiti ba. Babbar katanga ita ce gubar fatar E. coli, LPS, wadda ɗan kaɗan ɗinta ke sa zazzaɓi mai tsanani in ta shiga jini. Shi ya sa wasu suka koma kan Lactococcus lactis, bakteriyar da ke tsamar da madara, wadda ba ta da wannan guba. Kada kowa ya yi wa mutum allurar abin da ya fito daga irin wannan aiki.

Kai abin da za ka ci a nan shi ne narkarwa mai taushi. Jiƙa gudajin sanyi a tampo ya kwana ana motsawa a hankali, ko da sabulun sarkosil kashi 0.2 cikin ɗari, ko yuriya mola 2 kacal. Ƙungiyar Amulya Panda a Niyu Delhi ta yi amfani da yuriya mola 2 a pH kusan 12 wajen furotin girman jiki na ɗan Adam, sannan a sauko da pH da sauri. Tun da furotin bai warware gaba ɗaya ba, komawarsa daidai ta fi sauƙi.

Don gwajin cututtukan dabbobi

Ina ganin wannan ce hanyar da ta fi kusa da buƙatarmu. Yankin Damagaram na makiyaya ne, daga Tanut zuwa Gure, kuma cututtuka irin annobar tumaki da awaki suna cin dukiya. Gwajin ELISA yana buƙatar yanki ɗaya na furotin ƙwayar cutar, a shafa a faranti a ga ko jinin dabba zai gane shi. In E. coli ta yi maka wannan yanki, ba sai ka reni ƙwayar cutar kanta ba. Sau da yawa sojojin jini, wato furotin da jiki ke yi don kama cuta, suna gane jerin zaren ko bai naɗu ba, don haka furotin da aka narkar a yuriya, aka tace da ƙwalayen nikel in yana da wutsiyar histidin, yana iya wadatarwa. Tacewar nikel tana aiki ko a cikin yuriya mola 8. An kuma daɗe ana yi wa zomo allurar wankakken gudaji don samar da sojojin jini na bincike, da izinin kwamitin kula da dabbobi. Sai dai a kula: dabbobi suna da sojojin da ke gane E. coli tun asali, ragowar tarkacenta zai sa gwaji ya ce akwai cuta alhali babu. Dole a gwada da jinin da aka tabbatar yana da cutar da wanda aka tabbatar ba shi da ita, kuma a nan haɗin gwiwa da LABOCEL, labon dabbobi na ƙasa, ya zama tilas.

In babu makawa sai an narkar duka

Yuriya mola 8, giram 480 ke nan a lita, ko guwanidin haidurokulorid mola 6, giram 573 a lita, tare da DTT milimola 5 zuwa 10 don tsinke ɗaurin sulfur da suka ƙullu ba daidai ba. Yuriyar labo, ba takin da ake sayarwa a kasuwar Dole ba. Kuma a haɗa ta ranar da za a yi aiki: yuriyar da ta zauna a ruwa cikin zafi tana rikiɗa ta ba da sayanat, shi kuma ya manne wa furotin ya ɓata shi. A garinmu kwana biyu a kan tebur sun isa. Guwanidin kuma yana daskarewa in ya haɗu da SDS, sai an cire shi kafin jel.

Bayan sa'a ɗaya zuwa biyu ka juya da ƙarfi ka yar da abin da bai narke ba. Christian Anfinsen ya samu kyautar Nobel a 1972 saboda ya nuna cewa zaren furotin ya san naɗinsa da kansa in aka ba shi yanayi. Yanayin shi ne sarari. Ɗiga narkakken furotin a hankali cikin tampo mai sanyi mai yawa ana motsawa, har yawansa ya tsaya tsakanin miligiram 0.01 da 0.1 a mililita. Arjinin mola 0.4 zuwa 0.5 yana hana sake curewa. In furotin yana da ɗaurin sulfur, sa gulutatiyon iri biyu, sakakke milimola 5 da ɗaurarre milimola 0.5 zuwa 1. Ka yi lissafin ruwa tun farko: miligiram 100 na furotin a 0.05 lita biyu ke nan na tataccen ruwa mai sanyi, a garin da ruwan famfo kansa sai an yi tanadi. Saboda haka fara da ƙananan kwalabe goma na mililita ɗaya, ka sauya pH da gishiri da arjinin a kowace. Wadda ta yi fari ta cure. Wadda ta zauna garau sai a gwada aikinta, domin garau ba ya nufin ya naɗu.

Ajiya

Raba wankakken gudaji ƙanana-ƙanana, ka juya, ka zubar da ruwan, ka daskarar da kulon a digiri 20 ƙasa da sifili. Ƙananan rabo suna hana ka narkar da duka kowane lokaci. Cika gefen firiza da robobin ƙanƙara domin su riƙe sanyi in kuran ya tafi. Juriyar kowane furotin daban ce, don haka ka auna taka: kwalba ɗaya a firiza, ɗaya a firigo, ɗaya a busar a rufe da silika a bar ta a zafin ɗaki, ka gwada aikinsu bayan mako ɗaya, wata ɗaya, wata uku, ka rubuta zafin ɗakin kowace rana. A lokacin hunturu rufe komai da kyau, ƙurar buji tana shiga ko'ina kuma tana ɗauke da nata ƙwayoyin. Rubutun jikin kwalba a yi shi da alƙalamin da alkol ba ya gogewa, a sa sunan furotin, zafin shuka, adadin wanki da kwanan wata, a kuma liƙa tef mai haske a kansa kafin a sa a sanyi.